Na Cire Audugar Kunnena

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa tun ina da baƙin gashi, ruwan randa a tsakiyar zafi, tauraruwar da ba ta taɓa yi mini rowar haske ba sai bana. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙafar nan taki ta daina kumburi, kuma kina shafa maganin, don na san halinki, sai an tsaya a kanki.

Da hannuna nake rubuta miki, da haruffan da kika koya mini kina dukan yatsuna da fensir. In kin ga layi ya karkace, laifin malama ne.

Bari in fara da ƙorafi, kada ki zaci na sauko da sauƙi. Wata biyar! Wata biyar ke nan da kika ɗauki jaka kika bi jikarmu Kanari zuwa gasar waƙa ta talabijin, wai yarinya ba za ta zauna a babban birni ba kaka a kusa. Sati biyu kika ce mini. Ni kuwa na ce yarinyar da muka raina tun tana zanin goyo ba za ta tsaya gaban alƙalai uku masu baƙin tabarau suna auna muryarta kamar katako ba. Kika yi mini kallon nan naki, kuka wuce. A ranar, a bakin shagona, gaban tela da mai aski, na ci alwashin kunnena ba zai taɓa jin waƙarta ba. Tun daga nan gidan ya zama kango. Shukokin da kika bari a tsakar gida sun yi fushi da ni, kyanwarki tana kallona kamar ni na kore ki, shayi kuwa ko na zuba masa sukari cokali huɗu sai ya ƙi daɗi. Wannan adalci ne, hasken gidana?

Labari dai bai daina zuwa ba, don bakin tela ba ya rufuwa. Shi ya gaya mini an haɗa ta da wasu 'yan mata uku, sun cinye gasar, sun fitar da waƙarsu ta farko. Ya ce duk Asabar rediyo na jera waƙoƙi ashirin da aka fi saurare, tasu ta shiga a ta tara. Ta tara! Jikata? Su wane ne takwas ɗin nan da suka sha gabanta, 'ya'yan wa? Ya ce ai lissafi ne, duk wanda ya kunna ta a waya an ƙirga ɗaya, amma in an kashe sautin ba a ƙirgawa. Washegari na sa ya saita mini wayar ta riƙa maimaitawa, na jefa ta cikin akwatin kayan aiki, na toshe kunnuwana da auduga, na ɗauki zarto. Alwashina yana nan, lissafin jikata yana hawa. Wa ya ce sai wanda ya zauna a aji ke da dabara?

Na sha wahala, ki sani. Masu kawo aiki sai sun yi ihu. Wata malama ta ce in yi mata benci, na ƙera mata gado. Mai aski ya riƙa nuna ni yana cewa ga kurman da ya fi kowa son waƙa. Amma Asabar ta biyu ta hau ta uku, ta gaba kuwa ta ɗare ta ɗaya, yau sati uku ba wanda ya ture ta. Suna ta yabon masu kiɗa da masu talla. Akwai wanda ya ambaci kafintan da wayarsa ta yi zafi kamar dutsen guga? Babu.

To, ran Alhamis da safe, ina buɗe shago ban kai ga sa audugar ba, sai wani mai keke ya wuce yana fito. Gajeru uku, dogo ɗaya mai lanƙwasa a ƙarshe. Makulli ya faɗi daga hannuna. Fitona! Fiton da nake yi a bayan katangar gidanku shekara arba'in da bakwai da suka wuce, ina ɗan koyo, garin katako cike da gashina. Kin tuna? Ki fito da kwano wai za ki zubar da ruwa, ranar nan kika sheƙa mini shi a ka don babanki ya leƙo, na koma gida a jiƙe ina murmushi kamar an ba ni sarauta. Shi ne nake yi daga kwanar layi duk yamma, kafin in iso kin zare sakata. Na tare mai keken na ce ina ya samo. Ya dube ni kamar na faɗo daga sama, ya ce, "Baba, ai waƙar da ke ta ɗaya ce."

Na shiga, na zauna a kan gadon malamar, na kunna, kunne a buɗe. Wayyo, 'yar tsohuwata! Da fiton aka fara, sannan muryar yarinyar ta taso kamar iskar da ke gaban ruwan farko. Sau shida na ji. Garin katako ne ya shiga idona, kada tela ya gaya miki wani abu daban.

Mutum biyu ne kawai a duniya suka san sirrin fiton nan, kuma ni ban ba kowa ba. Kin ɗauki abin da ke tsakanina da ke kin raba wa 'yan tasi da 'yan makaranta, ko shawara babu. Na so in yi fushi, na nema na rasa. Ashe kina can kina tuna ni? Ashe duk tsawon watannin nan saƙo kika aiko, ni kuma na toshe kunne? Yanzu ko'ina na juya gari na kiran ki da muryata, amma in na yi nawa a kwanar layi, ƙofa tana nan a rufe.

Ki dawo, zumar rayuwata. Kanari ta yi fiffike, tana da ƙawaye uku da manaja mai wayoyi biyu. Ni kuwa, ke kaɗai gare ni. Ki gaya mata kakanta ya ji, ya ce muryar ta yi, sai dai wanda ya yi fiton ya gajarta lanƙwasar, ya zo in koya masa. Jiya kuma na tsaya a inda na ci alwashi, gaban tela da mai aski, na ce na yi kuskure. Mai aski sai da ya ajiye almakashi ya ce in maimaita. Ban maimaita ba, amma ke ga shi a rubuce: na yi kuskure.

Ran Laraba ina tafe a motar safe. Na riga na gaya wa direba kujera ɗaya a zuwa, biyu a dawowa. Kada ki kunyata ni a gaban direba.

Naki tun kafin furfura, naki har ranar da za a auna ni da ƙyalle,

Tsohon kafintanki mai taurin kai.