Takardar makarantar kimiyya ta ɗan yayana ce

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni sukuni.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kontagora. Da yayana ya rasu na ɗauko ɗansa daga Rijau, na sa shi makaranta da sunana kamar yadda aka saba yi wa maraya. Shi da ɗana duk sunan mahaifinmu suka ci, Abubakar, nawa muna kiransa Abba, shi kuma Habu. A takarda sunansu ɗaya sak.

Bara suka gama JSS3, suka zana jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana. Takardar ɗauka ɗaya ta zo. Na duba lambar da ke jiki, ta Habu ce. Wallahi na gani da idona, amma son zuciya ya sa na ninke ta na miƙa wa Abba. Yaran suna kama, ba wanda ya tsaya duba hoto. Habu cewa ya yi, "Baba, Allah bai yi ba," shi ne ma ya ɗaukar wa Abba akwati zuwa tasha.

Yanzu Abba ya faɗi kemistiri da lissafi zango biyu a jere, ya rame, yana cewa shi dama ajin Arts yake so, ba na kimiyya ba. In ya zo hutu Habu ne ke koya masa, da littattafan Abban, alhali makarantar jeka-ka-dawo da na sa Habun ko malamin fiziks babu. Na gaya wa matata gaskiya, ta yi tsalle ta dire, wai in na tona za a kori Abba, Habu ma ba za a karɓe shi ba, a yi biyu babu. Na ce mata haƙƙin maraya fa, ta ce da can ban san da shi ba?

Jiya Habu ya same ni a rumfa da ɗan katinsa na jarrabawar mai ɗauke da lambarsa, ashe yana ajiye da shi. Wai in raka shi makarantar kimiyyar ranar Litinin a duba masa makinsa, yana so ya san inda ya gaza don ya gyara.

Na ce masa to. Jama'a, yau Asabar, me zan yi?