Sukarin da Alhaji Mbarak ya aika gidanmu

Daga Tanja, zuwa ga Yaya Bihi a Tafraut.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, Ya sauƙaƙa wa Inna ciwon gwiwarta. Na ji an yi ruwa, itatuwan argan sun yi 'ya'ya. Madalla. Ni ma jikina ƙalau, zuciyar ce dai a gajiye.

Yaya, ka san na bar masana'antar katakon Alhaji Mbarak, amma rabin labarin aka ba ka. Larbi, mai kula da ma'aikata, shi ya wanke ni da mari a gaban mutane saboda allon da wani ya yanka ba daidai ba, ya kuma haɗa da zagin Inna. Ya ce mu 'yan ƙauyukan kan dutse ba ma jin magana sai da bulala, kamar jakunanmu. Na cire rigar aiki na fita. Ba zan yi wa Alhaji ƙarya ba: shekarun da na yi masa aiki bai taɓa riƙe mini albashi ba. Amma da na kai ƙara, dariya ya yi, wai tun yaushe fuskata ta zama ƙwai.

A ofishin ƙwadago an yi mini bayani cewa wanda ya ajiye aiki don ra'ayinsa ba shi da rabo a tallafin rashin aiki, sai in ya tabbatar cin zarafi ne ya fitar da shi. Da wannan tallafin zan riƙe ɗakina in ci gaba da neman aiki. In babu shi, sai dai in naɗe tabarmata in dawo muku hannu wofi. Hammu mai goge katako ya yarda zai yi mini shaida.

Ana cikin haka sai sufeton ofishin ya ce mini Alhaji ya zo da maganar wai an yi sulhu: ya aika ƙanensa ƙauyenmu da curin sukari na neman afuwa, kun karɓa, ka fasa shi da hannunka, an sha shayi an yi fatiha. Don haka wai ba sauran rigima, tafiyata son raina ce. Hammu ma da ya ji, cewa ya yi yaya zai sa wuyansa a maganar da dangina suka riga suka shanye?

Na san ba a korar baƙon da ya zo ɗauke da sukari, kuma kunya ce ta kama ka. Ban riƙe ka ba. Amma Alhaji ɗan kwarinmu ne, ya san abin da ya aika, ya san ba za ka iya cewa a'a ba. Ga roƙona: ka sayi sabon curi ranar kasuwa ka mayar gidansu da rana tsaka, a gaban liman. Ka ce kun sha shayinsu don girmama baƙo, amma kuncin da aka mara yana Tanja, kuma mai shi bai yafe ba. Ranar Litinin zan koma gaban sufeto, ko da Hammu ko ba shi.

Ka gaishe mini da Inna, kada ka gaya mata zagin. Ina gaida Yamna da yara, da Kawu Lahsan.

Ƙanenka da bai sunkuyar da kai ba,
Idir