Ruwan Rijiyar Gwaggo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ya yara da babansu? Ni lafiyata ƙalau, har kunyar faɗa nake ji.

Kin san aikina a masana'antar roba: in ɗebo ruwa, in auna, in rubuta abin da manaja zai ji daɗin karantawa. Sinadarin da muke tausasa roba da shi daga man shuka ake yin sa, shi ya sa manaja yake maganarsa kamar yana maganar miya. Wai ƙasa za ta cinye shi. To, ƙasa dai ta ƙi ci. An daɗe da daina zubar da shi a rafi, amma yana nan kwance cikin laka, yana bin ƙarƙashin ƙasa gida-gida kamar mai rabon katin biki. Makon jiya na same shi a rijiyar Gwaggo.

Yau na je in gaya mata. Tun a mota na shirya maganar, har da inda zan sassauta murya. Na tarar tana wanke rigar aikin Autanta, mai tambarin masana'antarmu a ƙirji, tana sa wa manaja albarka da ya ɗauke shi aiki. Kin san da albashinsa ake ɗora tukunya a gidan. Kafin in zauna ta ja guga, ta cika kofi, ta miƙo min da hannun nan da ya raine mu.

Yaya, cewa na yi azumi nake. Ni da na ci na ƙoshi, ga robar ruwa ɓoye a jakata. Ta yi murna, ta ce ashe boko bai cinye ni duka ba. Sai ta miƙa wa jikarta kofin. Ni mai digiri biyu, ina kallo yarinyar ta shanye, ta goge baki da bayan hannu.

Maganarki Gwaggo take ji. Don Allah ki kira ta, ki ce su daina sha. Ki ce daga bakina kika ji, ko da maganar za ta kai kunnen manaja.

Da zan tafi ta cika min gora. "Ki yi buɗa-baki da shi, 'yar nan, ruwan famfonku ba ya kashe ƙishi." Na karɓa da hannu biyu, na jawo mata ƙofa, na tafi.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki.