Yawun Kawu Ya Lalace a Firiza

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan da ke damunki, kuma don Allah ki daina hawa benen nan sau goma a rana kamar wata budurwa. Mu nan lafiya lau muke. Maman yara ta warke daga murar da ta kwantar da ita, Auta kuma ta shiga aji biyar a makarantar kurame, har ta fi uwarta tsawo.

Takardarki ta iso ni tun makonni uku da suka wuce. Ba mantawa na yi da amsa ba, kunya ce ta riƙe mini hannu. Kin tambaye ni sakamakon gwajin da aka yi wa danginmu, tunda matar babban ɗanki ta kusa sauka, kuma hankalinsu ya ƙi kwanciya sai sun ji ko jaririn zai gaji kurumtar gidanmu. To Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: babu sakamako, kuma ba za a samu ba daga abin da kika tattara.

Bari in tuna miki yadda aka faro. Shekara uku ke nan da jami'armu ta haɗa sassa uku a aiki ɗaya: masu nazarin ƙwayoyin gado su gano dalilin da kurumta ke bin wasu gidaje, injiniyoyi su ƙera manhajar da za ta taimaki yara kurame a aji, mu kuma na sashen koyar da harsuna mu tsara yadda za a koyar da su karatu. Da na ji, sai na ce ai wannan aikin gidanmu ne. Ni na zuga ki kika bi dangi gida-gida da 'yan kwalaben nan, mutum goma sha ɗaya suka tofa yawu suka dangwala yatsa. Ban manta da yadda Kawu Tela ya ƙi ba, ya nuna miki da hannu cewa shi ba shi da ciwo balle a auna shi, shekara saba'in yana ɗinki ba wanda ya taɓa dawo masa da riga don bai ji ba. Sai da kika yi sawu huɗu kafin ya yarda.

Kwalaben nan suna cikin wata babbar firiza a ɗakin gwaje-gwaje, suna jiran a gama tattara na sauran gidaje a auna gaba ɗaya. Tun farkon shekara firizar ta fara wani irin gurnani. Farfesar da ke shugabantar sashen ƙwayoyin gado, mace ce mai tsananin kula da aikinta, ta rubuta takarda a zo a gyara. Takardar ta tafi ofishin ayyuka, suka ce ta ofishin sayayya ce. Ofishin sayayya suka ce sai kwamiti ya zauna. Kwamiti ya zauna, aka ce shugabansa ya yi tafiya. Mako bakwai takarda na yawo kamar akuyar da ba ta da mai ita. Ana cikin haka aka tafi hutu, wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, firiza ta mutu, ko da wuta ta dawo ba ta tashi ba. Da aka buɗe ta bayan kwana tara, komai ya narke. Na gidaje sittin da biyu, Yaya, ba namu kaɗai ba. Na iske Farfesa zaune a kan kujerar roba a gaban firizar, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Abin haushin, washegari mai gyara ya zo ya ce wani ɗan ƙarfe ne da bai kai yatsa ba ya lalace, cikin rabin awa ya sauya shi.

Da a nan abin ya tsaya da na ce ƙaddara ce. Amma ga kuma manhajar. Injiniyan da ke jagorantarta yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ban raina masa ba. Ya ƙera wani ɗan mutum-mutumi a allon kwamfuta, malami na magana shi kuma yana juya ta zuwa maganar hannu. Sai dai alamomin duk daga bidiyon wata ƙasa ya kwaso su. Tun shekarar farko nake ce musu mu ɗauki hoton kuramenmu suna hira, manya da yara, mu gina a kan abin da suke yi da hannunsu. Aka ce sai na cika fom na neman izini. Sau huɗu ana dawo mini da shi, na ƙarshe wai don ban bar isasshen fili a gefen takarda ba. Ranar da muka kai manhajar ajin su Auta, yara suka zuba ido suna kallo, can sai wata ta fashe da dariya, aji duka ya ɗauka. Da muka dawo gida Auta ta tambaye ni ko ɗan mutumin nan baƙo ne, ko kuwa ƙudaje yake kora. Na yi dariya, amma wallahi ta yaƙe ce.

Makon jiya aka kira taro, don manyan baƙi za su zo ganin abin da jami'a ta ƙirƙira. Shugaban shirin ya ce kada a ta da maganar firiza a gaban baƙi. Sannan ya juyo gare ni ya ce tunda ni ne malamin harshe, in je in sa yaran su haddace alamomin manhajar kafin ranar, yadda baƙi za su ga kamar suna fahimta. Na ce masa an ƙera na'ura ne don ta koyi harshen yara, ba a haifi yara don su rufa wa na'ura asiri ba, kuma 'yata na cikinsu. Ya ce na faye ɗaukar abu da zafi, shi ya sa ba a son mai bincike ya sa danginsa a aiki. Na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yanzu dai an ba wani malami aikin shirya yaran, ni kuma an ce in huta. Injiniya ya biyo ni har bakin mota ya ce ya san gaskiyata, amma shi ƙaramin ma'aikaci ne. Ban ga laifinsa ba.

Game da jaririn, na tambayi Farfesa. Ta ce in gaya muku ko da kwalaben ba su lalace ba, gwajin ba zai yanke hukunci ba, sai dai ya ce mai yiwuwa. Shawararta a kai shi a duba jinsa tun yana ɗan makonni, kuma in ya zo kurma a fara yi masa maganar hannu tun yana goye. Ki ce wa ɗanki ya kwantar da hankalinsa. Gidanmu ba baƙon abin nan ba ne, kuma ba mu taɓa rasa abin faɗa wa juna ba.

Farfesa ta roƙe ni a sake tattara yawun. Ban yi mata alkawari ba. Ki gaya wa dangi gaskiyar abin da ya faru, wanda ya ga zai sake, to. Wanda ya ƙi, kada ki matsa masa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin da kika rubuta a ƙasan takardarki, cewa hannun Kawu ya fara rawa har ba ya iya zura zare a allura. Yaya, hannun nan shi ne bakinsa. Duk labarin kakanninmu da barkwancinsa da sunayen da ya raɗa mana suna cikin yatsun nan, ni kuma na ɓata shekara uku ina jiran hatimi. Ƙarshen wata zan zo da Auta da wayata, mu zauna a shagonsa ya yi ta ba ta labari ina ɗauka, in ya yarda. Ba jami'a ce ta aiko ni ba, ɗan 'yar'uwarsa ne ya zo hira.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Inna Ƙarama, da Goggo mai shago, da babban ɗanki da matarsa, Allah ya sauke ta lafiya. Maman yara da Auta suna gaishe ku. Shi kuwa Kawu, ki tsaya a gabansa ki ɗaga hannu sama da kanki, ki lanƙwasa shi kamar sandar da iska ta kaɗa. Sunan da ya raɗa mini ke nan, zai san wanda ke tafe.

Ƙaninki,
Dogo