Wuƙar Ubana a Bangon Kumandan

Matankari, daren Laraba, gab da shuka

Tun shekarar da gardawan bariki, dogaran Nasara, sunka bi gida-gida suna amsar makamai nike faɗi, wuƙar ubana ba ta yaƙi ba ce. Ba wanda ya saurare ni. Da ita muke yanka wa Doguwa, iskar gidanmu, baƙin bunsuru kafin a sa iri ƙasa, kuma tun da anka ɗauke ta gerona bai ƙara cika rumbu ba.

Yau na taka har bariki. Wanga sabon kumandan wai daga Jibuti ya zo, can gabas bakin teku, da akwati cike da wuƙaƙen mutanen can. Ya jera su a bango tsirara, ba kube, lanƙwasassu gefe guda, miƙaƙƙu gefe guda, kamar mai shanyar kifi. Tawa tana can ƙarshe, an goge ta fes, jinin da kakanni sunka zuba duk an kankare. Ƙaton mutum da gemu, aikinshi ke nan, awon ƙarfe da zare!

Na ce wa tafinta, "Ɗana, gaya mishi waccan tawa ce."

Ya ce, "Baba, wai ba shi da irinta, Faransa za ta. Amma ka zaɓi guda cikin na gabas."

Ji banza! Doguwa ta san Jibuti ne?

Ga hadari ya fara haɗuwa, ga bunsuru ɗaure a turke. Gobe zan koma in zauna ƙofar bariki, ba ni tashi. Ko kumandan ko sarki, wani ya fito ya gaya mini da mi zan yanka.