Kafin a Cire Muryar Baba

San Pedro de Macorís,
Janairu, 1987.

Zuwa ga yayana Radhamés,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Belkis da yara, ya kuma kare ka daga sanyin New York da wahalar tuƙin tasi. Mu ma muna nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Gwaggo Casilda ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da maƙwabta. Ɗana Wilkin ya fasa tagar coci da ƙwallo, Fada ya ce ko ba komai yaron yana da hannun jifa. Nelson ɗan Kawu na ba takardar ya kawo maka, don gobe jirginsa zai tashi, gidan waya kuwa zai makara.

Yaya, maganar Baba ce. Dishewar muryar da muka ɗauka gajiyar kakar wasa ce, ashe ciwon daji ne a maƙogwaro. Likita ya ce ranar Alhamis ta sama za a yi aiki, a cire inda murya take fitowa. Zai rayu in Allah ya so, amma ba zai ƙara magana ba. Mutumin da tun kafin a haife mu masu yankan rake suke rataya rediyo a wuya don su ji sharhinsa na wasan bezbol! Da likita ya gama bayani, tambayar Baba ɗaya ce, ko za a bar shi ya yi sharhin wasan Lahadi. Na fita waje na sha kukana, shi kuwa yana ciki yana gardama da likitan a kan mai jefa ƙwallo na ƙungiyarmu.

Na san ba ka son a tayar da zancen wasanka na ƙarshe, amma ka yi haƙuri da ƙanwarka. Ka san ƙa'idar Baba: da ya shiga ɗakin sharhi ba shi da ɗa, ba shi da aboki. Duk zamanka na ɗan wasa a fili bai taɓa ce maka ɗana a makirfo ba, sai sunan gidanmu, Peguero, kamar ba sunansa ba ne shi ma. Ranar da ƙwallon ta kuɓuce daga safar hannunka muka rasa gasar, ya sanar da ƙasa baki ɗaya cewa Peguero ya sake ta, ya wuce abinsa. Ka tafi ba sallama. Shi kuma taurin kan nan, wanda a wurinsa ka gada, ya hana shi nemanka.

To, ranar Lahadi ya yi sharhinsa na ƙarshe, muryar kamar ana jan buhu a ƙasa. Ina zaune a bayansa da ruwan zuma. Da aka zo hutun da yake gaida masu sauraro, ya gaida na asibiti da masunta kamar kullum. Sannan ya ce yana gaida wani direban tasi a unguwar Bronx ta New York. Ya ce ranar nan hasken rana ne ya shiga idon yaron, ya gani sarai daga ɗakin sharhi a sama, ya ƙi faɗa don kada a ce yana kare nasa. Ya ce yaron ɗansa ne, kuma bai taɓa ganin hannu irin nasa ba. Abokin aikinsa Chichí da bakinsa ba ya mutuwa, sai ga shi ya kasa karanta tallar sabulu.

Na je gidan rediyo neman kaset in aiko maka, suka ce ba su ɗauka ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Kowa a garin nan ya ji, ban da kai da aka yi maganar dominka.

Yanzu kullum da yamma yana kantin Doña Fefa, wai wasan domino ya je yi. Baba da ya tsani domino! A gindin wayar tarho yake zama, da ta yi ƙara sai ya miƙe. Ko sunana ya daina kira, sai dai ya buga tebur. Da na yi masa tsiya, ya raɗa mini wai tanadin sauran muryar yake yi. Lambar kantin tana bayan takardar nan. Ban ce dole ka yafe ba, Yaya, wannan tsakaninka da Allah ne. Ka dai kira kafin Alhamis.

Gwaggo Casilda da Wilkin suna gaishe ku. Ka gaida mini Belkis da Yahaira, da auta Fermín mai sunan Baba. In ka kira, ka kara wa Fermín wayar a kunne. Bai taɓa jin muryar kakansa ba.

Taka ƙanwa,
Nurys