Ledar da Nake Taɓa Bunduk da Ita

Daren Talata, unguwar Dokki.

Na kasa barci. Madam ta ce gobe likita zai yi wa tsohon karenta Bunduk allurar mutuwa, wai khalas, shi ke nan, ba ya gani, ba ya ci. Ta ce, "Ke za ki riƙe shi, Hadiza, ke yake so."

Ni kuma? Tun da na fara aiki a gidan nan, sai da leda a hannu nake taɓa shi, saboda najasa. Kullum korarsa nake yi. Amma duk gidan shi kaɗai ke tasowa in na shigo, yana jan ƙafa, yana kaɗa wutsiya.

Me na taɓa yi masa? Na rasa. Ga ledar nan na ninke a jaka, ban san ko zan iya sa ta gobe ba.